James Stevenson-Hamilton: Sojan da ya shekara 44 yana gadin namun daji

A bakin kogin Sabi, can arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, akwai wani sansani da ake kira Skukuza, wanda shi ne hedikwatar Gandun Dajin Kruger. Asalin sunan laƙabi ne da 'yan ƙabilar Tsonga suka raɗa wa wani Bature, ma'anarsa mai share wuri tas. Baturen shi ne James Stevenson-Hamilton, sojan da ya fito daga fagen fama ya zama shugaban masu gadin wannan daji na farko. Waɗanda suka ba shi laƙabin kuwa su ne mutanen da ya tasa daga gidajensu.

An haife shi a birnin Dublin ranar 2 ga Oktoba, 1867, cikin wani gidan masu filaye 'yan asalin Sikotilan. Ya yi karatu a makarantar Rugby, sannan ya wuce kwalejin horar da hafsoshin soja ta Sandhurst. A 1888 ya shiga rundunar sojan doki ta Inniskilling, aka tura shi yankin Natal, inda ya fara ganin dajin Afirka. Shekara goma bayan haka ya bi ayarin Manjo Gibbons zuwa ƙasar Barotse, a Zambiya ta yau, ya daɗe yana yawo a yankin kogin Zambezi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Boer a 1899, sai ya koma rundunarsa, ya yi yaƙin har ƙarshensa a 1902, yana riƙe da muƙamin Manjo.

A shekarar da aka gama yaƙin ne Sir Godfrey Lagden, kwamishinan harkokin 'yan ƙasa na lardin Transvaal, ya naɗa shi mai kula da Gandun Sabi. Gwamnatin Paul Kruger ce ta keɓe gandun tun 1898, amma yaƙi ya hana a yi komai a kansa. Abin da sabon jami'in ya tarar ba mai daɗi ba ne. Annobar bushiya ta 1896 ta karkashe ɓauna, mafarauta sun kusa ƙarar da giwa da karkanda, sojojin sa-kai da aka girke a iyakar Mozambik kuma sun mayar da dajin rumbun namansu. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da duk baƙon da ya yi damina a wurin.

Aikin na wucin gadi ne, kuɗin gudanarwa kaɗan, ma'aikata ba su taka kara sun karya ba. Duk da haka ya tafiyar da shi kamar yadda ya saba a bariki. Ya kafa mazauninsa a gadar jirgin ƙasa ta Sabi, ya raba dajin shiyya-shiyya, ya ɗora jami'i a kan kowace, tare da 'yan sintiri baƙaƙen fata da ke taka dajin da ƙafa. Cikin jami'ansa na farko akwai Harry Wolhuter, wanda a 1903 ya kashe zakin da ya kama shi da wuƙa kawai. Stevenson-Hamilton ya haramta farauta ga kowa, ya gurfanar da masu karya doka gaban shari'a, har da Turawa masu kaki. A wannan shekarar aka ƙara masa Gandun Shingwedzi da ke arewa.

A nan ne kuma tarihinsa ya samu tabo. A ganinsa namun daji ba za su farfaɗo ba muddin akwai mutane a cikinsu, don haka ya tashi ƙauyukan da suka gaji wurin kaka da kakanni. Daga baya hukuma ta sassauta, aka bar wasu su zauna bisa sharaɗin biyan haya ko yi wa gandun aiki, amma farautar da suka dogara da ita ta zama laifi. Ya kuma yi shekaru yana sa a harbe zakuna da kyarkeci da kadoji don barewa da gwanki su yawaita. Wannan ra'ayi ya sauya shi da kansa, bayan ya lura cewa masu cin nama suna da nasu amfanin wajen daidaita dajin.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake mayar da shi cikin kaki. Ya yi aiki a Gallipoli da Faransa, daga nan ya riƙe muƙamin mulki a lardin Mongalla na kudancin Sudan. Da ya dawo a 1920, yana Laftanar Kanar, ya iske gandun na gab da rushewa. Masu tumaki na neman makiyaya, kamfanonin filaye da masu haƙar ma'adinai na neman rabonsu, har aka yanke wani ɓangare na yammacinsa a 1923. Ya fahimci cewa sintiri kaɗai ba zai ceci wurin ba, sai an samu doka daga majalisa da goyon bayan jama'a. Jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido da ya fara tsayawa a gadar Sabi a shekarar ya ba shi hujjar cewa mutane za su biya kuɗi don kallon dabba da ranta.

Ranar 31 ga Mayu, 1926, majalisa ta amince da dokar gandayen daji na ƙasa, wadda ministan filaye Piet Grobler ya gabatar. Aka haɗe Sabi da Shingwedzi, aka sa wa sabon gandun sunan Kruger domin jawo hankalin Turawan Boer. Ta haka tsohon sojan ya ƙare da gadin dajin da ke ɗauke da sunan shugaban da ya yaƙa. A 1927 motoci uku kacal suka shiga gandun. Yau faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, baƙi kuwa sun haura miliyan ɗaya a shekara.

Ya yi aure a makare, a 1930, inda ya auri Hilda Cholmondeley, mai zane-zane, suka haifi 'ya'ya uku. Ya bar littattafai da dama, ciki har da South African Eden na 1937, wanda ya ba da labarin kafuwar gandun. A 1936 aka sauya sunan gadar Sabi zuwa Skukuza don girmama shi. Ya yi ritaya a 1946, bayan shekara 44 a kan aiki ɗaya, ya mutu ranar 10 ga Disamba, 1957, yana da shekara 90.

Hanyar da ya buɗe ta tashin mutane ba ta tsaya da mutuwarsa ba. A 1969 gwamnatin wariyar launin fata ta kori al'ummar Makuleke daga arewacin gandun, kuma sai a 1998 aka mayar masu da haƙƙin mallakar ƙasarsu, bisa yarjejeniyar ci gaba da kare dabbobin da ke cikinta. Tokar gawarsa tana warwatse a gindin dutsen Shirimantanga, kudu da sansanin da har yau ake kira da laƙabin da mutanen Tsonga suka ba shi.