Röntgen, ɗan mai fataucin yadi da ya fara ɗaukar hoton ƙashi

An haifi Wilhelm Röntgen ranar 27 ga Maris 1845 a garin Lennep na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai fataucin yadi. Yaron ya tashi a Holan, inda aka kore shi daga makaranta saboda zanen ba'a da wani ɗalibi ya yi wa malami. Duk da haka ya tafi Zurich ya ci gaba da karatu, har ya samu digirin dakta a 1869.

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, yana malami a jami'ar Würzburg, ya lulluɓe wani bututun gilashi da baƙin kwali yana gwaji, sai ya ga wani allo can gefe yana sheƙi. Ashe wani haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa takarda da katako da nama, ƙashi kuwa yana tare shi. Da yake bai san ko mene ne ba, ya sa masa suna X. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, ƙasusuwa da zobenta suka fito sarai.

Wuyan hannu, da ke kusa da inda ya fara, shi ne ya daɗe yana wahalar da likitoci. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne cunkushe wuri ɗaya. Wanda ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa yakan karya na gindin babban yatsa, hoton farko ya kasa nunawa, a ɗauka targaɗe ne, ƙashin ya ƙi ɗoruwa, mai ɗaukar kaya ya rasa ƙarfin hannunsa. Yanzu akwai na'urar CBCT, wadda likitocin haƙori suka fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Haskenta yana buɗewa kamar mazurari, ta zagaya hannun sau ɗaya, kwamfuta ta fito da ƙashin ta kowane gefe.

Röntgen ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, alhali da ya yi, da ya zama attajiri. Shi aka fara bai wa kyautar Nobel ta fiziks a 1901, kuɗin ma ya miƙa wa jami'ar Würzburg. Bayan yaƙin duniya na farko kuɗin Jamus ya lalace, ajiyarsa ta tafi. Ya rasu a Munich ranar 10 ga Fabrairu 1923, da ciwon daji na hanji.