Imamu Busiri, Mai Burda, Makwancinsa Iskandariyya

Burdar nan da ake rerawa a zawiyoyin Matameye da Damagaram idan watan Mauludi ya kama, mai ita yana kwance a Iskandariyya, bakin Bahar Rum.

Shi ne Sharafuddini Muhammadu ɗan Sa'idu, Allah Ya yarda da shi. An haife shi a Masar shekara ta 608 Hijira, asalinsa Sanhaja ne na Magrib. Ya yi aikin magatakarda a Bilbis, yana yabon masu mulki, yana zambo ga ma'aikata maciya amana, ga talauci ga yawan iyali. Sai Allah Ya haɗa shi da Shehu Abul Abbasil Mursi, halifan Shehu Shazali, wanda ke tarbiyyar muridai a wannan tsohuwar tashar jiragen ruwa. Daga nan harshensa ya koma ga yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, ya tsara ƙasida mai baiti wajen 160 yana kamun ƙafa da Ma'aiki. An ruwaito ya gan shi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka garau.

Masallacinsa yana daura da na shehinsa, an rubuta baitocin Burda a bangonsa.