Tarihin Ilya Mechnikov, Mutumin Da Ya Gano Dakarun Jini

Duk wanda ƙaya ta taɓa sokewa ya san yadda wurin kan kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Likitocin da sun ɗauka fararen ƙwayoyin jinin da ke taruwa a wurin su ke yaɗa cutar. Wanda ya nuna yaƙi su ke yi domin mai jikin shi ne Ilya Mechnikov, kuma shi ba likita ba ne, masanin dabbobi ne.

An haife shi a shekarar 1845 kusa da birnin Kharkiv, a daular Rasha ta lokacin, watau ƙasar Yukren ta yau. Karatun jami'a na shekara 4, a shekara 2 ya gama shi. Amma mutum ne mai saurin karaya. Da tarin fuka ya kashe matarsa ta fari a 1873, sai da ya nemi halaka kansa. Allah bai nufa ba.

A 1882 ya bar koyarwa a jami'ar Odessa, ya kwashi iyalinsa ya koma Messina ta ƙasar Italiya. Ran nan iyalin suka tafi kallon wasa, suka bar shi da madubinsa na ganin ƙananan halittu, yana duban 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda a kan hango cikinsu kamar ta gilashi. Sai ya tsinko ƙayar fure a lambu ya soka musu. Gari na wayewa ya tarar da waɗansu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Nan ya gane haka fararen ƙwayoyin jinin mutum ke yi wa ƙwayar cuta, su kewaye ta su haɗiye.

Manyan masanan Jamus suka ƙi yarda, suka ce ruwan jini ne ke kashe cuta. Ya koma cibiyar Pasteur a Paris a 1888, ya yi ta kare maganarsa shekara da shekaru. Ashe kowane ɓangare da gaskiyarsa. A 1908 aka raba lambar Nobel tsakaninsa da Bajamushen nan Paul Ehrlich.

Da tsufa ya kama shan nono mai tsami kullum, wai yana ƙara tsawon rai. Fulani dai ba su jira shi ba. Ya mutu a Paris a 1916 yana da shekara 71, tokar gawarsa kuwa aka ajiye ta a cibiyar.

To, wa ke kiran dakarun nan zuwa wurin ƙaya? Wani sashe na amsar sai a 1979 ya fito daga ƙasar Suwidin, ta hannun Bengt Samuelsson da abokan aikinsa. Idan saƙon rauni ya iso wa farar ƙwaya, sai ta ɓalli wani maiƙo daga fatar jikinta, ta sarrafa shi ya zama sinadaran da aka raɗa wa suna lukotirin. Ɗaya daga cikinsu ke yi wa sauran ƙwayoyin gangami. Waɗansu kuwa su ke matse hanyar numfashin mai asma.