Harold Vanderbilt: Attajirin da Ya Yanka wa Alkawari Farashi

Duk inda aka ambaci sunan Vanderbilt a ƙasar Amurka, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dukiya, wato layukan dogo da jiragen ruwa da manyan gidaje a gaɓar teku. To amma mutumin da nake son in gabatar wa mai karatu a wannan fili, Harold Stirling Vanderbilt, ya gaji kamfanin jiragen ƙasa, ya kuma ga ranar da kamfanin ya suɓuce daga hannun zuriyarsu. Abin da ya wanzu da sunansa shi ne wani ɗan jadawalin lissafi da ya tsara a shekarar 1925 domin wasan kartar da ake kira birij. A tawa fahimtar, jadawalin nan ya ƙunshi darasin da duk mai yanke shawara a ofis ko a kasuwa yake bukata: darajar abin da ke hannunka ba ta tsaya wuri guda ba, tana hawa tana sauka gwargwadon matsayin da kake a lokacin da za ka buɗe baki ka yi alkawari.

An haifi Harold a ranar 6 ga Yuli, 1884, a garin Oakdale da ke jihar New York. Mahaifinsa shi ne William Kissam Vanderbilt, kakan mahaifin nasa kuwa shi ne Cornelius Vanderbilt, wanda ya fara da fiton mutane a ƙaramin jirgin ruwa har ya mallaki kamfanin jiragen ƙasa na New York Central. Harold ya kammala digirinsa a Jami'ar Harvard a 1907, ya ci gaba da karatun shari'a a can, sannan ya shiga aikin kamfanin gidansu. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum ne mai son lissafi da tsara ƙa'idoji, kuma wannan ɗabi'a ce ta bayyana a duk abin da ya sa hannu a kai.

Kafin mu je ga abin da ya ƙirƙiro, ya kamata in ɗan fayyace yadda wasan yake. Mutum huɗu ne ke zama, biyu-biyu a matsayin abokan tafiya. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13, don haka zagaye 13 ake bugawa. Kafin a jefa kati ko ɗaya, sai an yi tayi kamar a kasuwar gwanjo, kowane ɓangare yana faɗin yawan zagayen da zai ci da kuma launin katin da zai yi rinjaye. Zagaye shida na farko ba sa shiga lissafi, saboda haka wanda ya taya huɗu ya ɗauki alkawarin cin zagaye goma ke nan. A tsohon salon wasan, wanda ake yi kafin 1925, duk zagayen da mutum ya ci ana lissafa masa shi wajen cika wasa, ko ya yi alkawarinsa ko bai yi ba. Sakamakon haka sai mai kati masu ƙarfi ya riƙa noƙewa, ya saye tayin da araha, ya kwashe riba ba tare da ya ɗauki wani nauyi ba.

A ƙarshen watan Oktoba na 1925, Vanderbilt na cikin wani jirgin ruwa mai suna Finland tare da abokansa uku, a kan hanyarsu daga Los Angeles zuwa Havana ta mashigin Panama. A nan ne ya gabatar musu da sabon jadawalinsa, kuma ranar 1 ga Nuwamba ta wannan shekara ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar wasan a siffarsa ta yanzu. Ya aro wata ƙa'ida daga wani wasan Faransawa, cewa zagayen da mutum ya yi alkawari ne kaɗai ke kai shi ga cika wasa. Ya sa maki 100 a matsayin ma'aunin cikar, inda kowane zagaye ke da maki 20 a launuka biyu ƙanana, 30 a launuka biyu manya. Ya kuma tanadi tukwici mai tsoka ga wanda ya yi alkawarin zagaye 12 ko duka 13 ya cika. Cikin shekara biyu, a 1927, babban kulob ɗin masu wasan da ke New York ya karɓi tsarin a hukumance.

Amma ƙa'idar da ta fi kowace tasiri ita ce wadda zan kira halin haɗari. A wasan gida, ɓangaren da ya fara cika wasa sau biyu shi ne ya yi nasara. Vanderbilt ya tsara cewa da zarar wani ɓangare ya cika sau ɗaya, to ya shiga halin haɗari: tukwicinsa zai ƙaru idan ya cika alkawari, tararsa kuma za ta ƙaru idan ya gaza. Wata matashiya da ke cikin jirgin ce ta ba da shawarar kalmar Turancin da ake kiran wannan hali da ita har gobe, kalmar da ke nufin wanda jikinsa ke buɗe ga sara. Hikimar ita ce wanda ke gaba ba ya samun damar yin sakaci, wanda ke baya kuma yana da rangwamen da zai ba shi ƙarfin halin kutsawa cikin tayin.

Bari mu duba alƙaluman da ake aiki da su a gasa a yau. Wanda ya yi alkawarin zagaye goma a babban launi ya cika, yana samun maki 420 idan yana halin aminci, 620 idan yana halin haɗari. Idan ya gaza, kowane zagaye da ya rasa zai ci masa 50 a halin aminci, 100 a halin haɗari. Idan kuwa abokan hamayya suka ninka tayin saboda sun tabbata ba zai cika ba, tarar mai aminci takan tashi 100, 300, 500, ta mai haɗari kuma 200, 500, 800. Daga nan ne dabarar sadaukarwa ta fito. A ce abokan hamayyarka suna halin haɗari, suna dab da kwashe 620, kai kuma kana halin aminci. Kana iya yin tayin da ka san ba za ka cika ba, ka rasa zagaye uku, ka biya 500, amma duk da haka kai ne da riba. Juya lamarin: kai ne a haɗari, su a aminci. Abin da za su samu 420 ne kawai, kai kuma rasa zagaye biyu zai ci maka 500. Kati iri ɗaya ne a hannunka a duka yanayin biyu, amma tayin da ya zama wayo a na farko ya zama wauta a na biyu.

Wani abin mamaki shi ne halin haɗari ba kullum yake nufin ja da baya ba. A gasar ƙungiya da ƙungiya, inda ake mayar da bambancin maki zuwa wani ma'auni na ƙasa da ƙasa, mai halin haɗari da ya kai tayinsa ga cikar wasa yana cin 10 idan ya dace, ya rasa 6 idan bai dace ba. Wato ko da yiwuwar nasararsa kimanin kashi 38 cikin 100 ce, ya kamata ya taya. Mai aminci kuwa 6 zai ci, 5 zai rasa, don haka sai ya sami kimanin kashi 45. Ashe haɗarin da ke hana mutum tsoma baki a cinikin da ba nasa ba, shi ne kuma ke tura shi ya nemi abin da ƙarfinsa ya kusa kaiwa.

Duk wannan lissafi bai da amfani ga wanda bai san ƙarfin hannunsa ba. Hanyar auna hannu da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Milton Work ya tallata, inda kati mafi girma ke da maki 4, sarki 3, sarauniya 2, na bayanta 1, jimilla 40 a cikin kati 52. Charles Goren ya ƙara mata lissafin gajerun launuka a littafinsa na 1949, ya koya wa miliyoyin mutane cewa abokan tafiya na bukatar kimanin maki 26 domin cika wasa, 33 domin zagaye 12, da 37 domin duka 13. Shi ma Vanderbilt ya ba da tasa gudummawar. Ya tsara hanyar tayi wadda a cikinta mai hannu mai ƙarfi ke buɗewa da tayi mafi ƙanƙanta a matsayin ishara ga abokinsa, domin su sami sararin fahimtar juna kafin su ɗauki babban alkawari. Daga wannan tushe ne tsare-tsaren da shahararriyar ƙungiyar Italiya ta yi amfani da wasu daga cikinsu suka tsiro, haka ma tsarin da C. C. Wei ya ƙirƙira a shekarun 1960. A 1928 ya ba da kofin gasa mai ɗauke da sunansa, ya kuma ci kofin da kansa a 1932 da 1940.

A kan teku ma haka ya kasance. Sau uku ya kare kofin tseren jiragen ruwa masu filafilai da ake kira Kofin Amurka: a 1930 da jirgin Enterprise, a 1934 da Rainbow, a 1937 da Ranger. Karawar 1934 ce ta fi nuna halinsa. Jirgin Ingila mai suna Endeavour, na Thomas Sopwith, ya fi nasa gudu, ya kuma ci tsere biyu na farko. A tsere na uku, da Vanderbilt ya ga an bar shi a baya, sai ya miƙa tuƙin ga abokin aikinsa Sherman Hoyt, wanda ya juya akalar tseren. Rainbow ya ci huɗu a jere. Ba kowane mai kuɗi ne zai auna kansa a tsakiyar fafatawa ya yarda cewa na kusa da shi ya fi shi dacewa da wannan sa'a ba. Daga baya ya sake tsara dokokin tseren jiragen, kuma a kansu aka gina dokokin da duniya ta amince da su.

Sai dai wanda ya iya lissafi a teburi ba lallai ne kasuwa ta yi masa biyayya ba. A 1954 wani ɗan kasuwa mai suna Robert R. Young ya nemi goyon bayan masu hannun jari ya kayar da hukumar gudanarwar New York Central, kuma da haka Harold ya zama na ƙarshe a zuriyar da ya zauna a shugabancin kamfanin. Bai zauna zaman makoki ba. Daga 1955 zuwa 1968 ya shugabanci hukumar amintattun Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, wadda kakan mahaifinsa ya ba da kuɗin kafa ta. Kamfanin jiragen kuwa ya haɗe da wani a 1968, kuma sabon kamfanin ya durƙushe a watan Yuni na 1970. Makonni biyu bayan haka, a ranar 4 ga Yuli, 1970, Harold ya rasu a Newport, kwana biyu kafin ya cika shekara 86.

Na san da yawa daga cikinmu da an ce karta sai tunani ya tafi ga caca. To, a gasar birij kati iri ɗaya ake bugawa a tebura daban-daban a kwatanta sakamako, don haka sa'ar rabo ba ta da wani babban tasiri, shawara ce ke raba gwani da ɗan koyo. Wannan shawara kuwa tambayoyi uku ne, waɗanda ya kamata ɗan kwangila da ma'aikacin banki da mai neman kujera su yi wa kansu kafin su ɗaga hannu. Me nake riƙe da shi a zahiri, ban da abin da nake fata? Idan na gaza, nawa zan biya a matsayin da nake yanzu? Idan kuma na yi shiru, me zan bari ya wuce ni? Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, sun kuma ce da rashin tayi akan bar araha. Abin da Vanderbilt ya yi shi ne ya ɗora waɗannan maganganu biyu a kan sikeli guda, ya rubuta wa kowace farashinta, ya bar wa mai wasa aikin sanin wadda ta dace da ranarsa.