Waliyyi Fransis na Asisi, Ɗan Attajirin da Ya Zaɓi Talauci

Ranar 4 ga Oktoba ta kowace shekara Ikkilisiya Katolika ke tunawa da Waliyyi Fransis. An haife shi wajen 1182 a garin Asisi, a tsakiyar ƙasar Italiya. Mahaifinsa Piyetro attajiri ne mai fataucin tufafi har zuwa Faransa, don haka yaron ya tashi cikin daula, ga sutura ga abokan shagali. A 1202 ya fita yaƙin da garinsu ya yi da Perujiya, aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a kurkuku. Ya komo gida da rashin lafiya, duniya kuma ta fara fita masa a rai.

Shi da kansa ya shaida a cikin wasiyyarsa cewa da farko ba abin da ya tsana kamar ganin kutare, har Ubangiji ya kai shi cikinsu ya yi musu hidima. Daga nan ne ya sayar da yadin mahaifinsa da doki domin gyaran tsohuwar majami'ar San Damiyano. Uban ya fusata, ya kai ƙararsa gaban Bishop Gido. A bainar jama'a Fransis ya mayar da kuɗin, ya tuɓe tufafinsa ya ajiye masa, ya yafe gādo.

A zamanin nan mutanen Asisi kashi biyu ne, manya da ƙanana, ba su kuwa ga maciji da juna. Fransis ya kira mabiyansa Ƙananan 'Yan'uwa, wato ya nuna gefen da ya tsaya. A 1209 Paparoma Innosent na Uku ya amince da tafarkinsu. Ya hana su karɓar kuɗi, ya ce su yi aikin hannu, in abinci ya gaza su yi bara. Wannan doka tana da tsanani ƙwarai, har ta jawo gardama tsakanin 'ya'yansa tun yana raye. Amma wanda ya girma a shagon fatake ya san abin da kuɗi ke yi wa zumunci.

Abin da ya fi kamata mu lura da shi, mu da muke zaune gida ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, ya faru a 1219. Rundunar 'yan Salibiyya ta yi wa birnin Damiyetta na Masar ƙawanya. Fransis ya ratsa fagen daga tare da ɗan'uwa guda, ba takobi ba garkuwa, ya isa wurin Sarki Malik al-Kamil. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi kwanaki, ya sallame shi lafiya. Sarki bai zama Kirista ba, yaƙin ma bai tsaya ba. Duk da haka, a ƙa'idar da Fransis ya rubuta a 1221, ya umarci 'yan'uwan da za su zauna cikin Musulmi su guji jayayya da faɗa, su yi zaman tawali'u, ba tare da ɓoye bangaskiyarsu ba. A Asisi ɗin nan ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tara shugabannin addinai domin addu'ar salama ranar 27 ga Oktoba, 1986.

Game da halitta, Toma na Selano, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa yakan hana masu saran itace sare bishiya daga tushe, domin ta sake toho, yakan kuma sa mai lambu ya bar wani gefe ga furanni. Duk wanda ya ga yadda gatari ya cinye dazuzzukanmu zai gane hikimar. A 1979 aka naɗa shi waliyyin masu kula da muhalli, a 2015 kuma Paparoma Fransis ya ɗauko sunan wasiƙarsa Laudato Si' daga waƙar yabon halittu da waliyyin ya tsara wajen 1225, yana kwance, idanunsa sun kusa makancewa.

A lokacin jinyar nan Bishop da hakimin Asisi suka ɓata. Fransis ya ƙara baiti kan gafara, ya aiki 'yan'uwa suka rera a gabansu, su biyun suka rungumi juna. Da ajali ya matso, ya roƙi a kwantar da shi a kan ƙasa, ba shimfiɗa. Ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba, 1226. Paparoma Gregori na Tara ya sa shi cikin tsarkaka a 1228.