Likita Mila na Zariya: Mutumin da Ya Shuka Cikin Mutane

Karatu: 2 Timoti 2:1-7

Ɗan'uwa mai karatu, ko kana Zariya, ko Maradi, ko cikin ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Nilu wajen Sinja, in ka taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa, to, ka ci moriyar wahalar wani bawan Allah. Sunansa Walter Miller, amma mutanen Zazzau Likita Mila suke ce masa.

An haife shi a Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew a Landan. Da ya so, da ya zauna gida ya tara dukiya. Maimakon haka sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Ya fara zuwa Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, domin ya koyi Hausa daga bakin masu ita. A nan ya haɗu da wani yaro Bahaushe matafiyi, Abdul Majid, ya nuna masa alheri. Daga baya yaron ya zama ɗan gidansa.

A shekara ta 1900 Mila ya bi Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba. Suka koma Girku, a can ɗaya daga cikin abokan tafiyarsu ya rasu. Wani da sai ya ce Allah bai nufa ba, ya naɗe kayansa. Mila ya dawo. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Ka lura da yadda ya yi aikinsa. Yana wanke gyambo, yana ba da magani, ba ya tambayar mutum addininsa kafin ya duba shi. Yara kuwa a gidansa suke kwana, suna karatu, yana lura da ci da shansu kamar uba. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, mutanen da suke girmama Annabi Isa tun kafin zuwan mishan, suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, zuciya ta yi fari. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, mutane da yawa suka mutu, saura suka watse. Yaran da suka tsira aka kawo su makarantar Zariya.

Kada ka ɗauka shi mala'ika ne. Mutum ne mai kaifin baki, ya kuma sha saɓawa da Turawan mulki da sarakuna. Amma Ubangiji ba ya jiran mu zama marasa aibi kafin ya more mu.

A 1929 aka mai da mishan Wusasa, bayan gari. Mila ya duƙufa kan aikin da ya ɗauke shi kusan shekara 30, tare da waɗansu 'yan mishan da malamai Hausawa: a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ya koma Ingila, amma zuciyarsa tana nan. Ya sake dawowa Nijeriya da tsufansa, ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

To, ina amfanin gonar? Dubi mutanen da suka fito daga wannan ƙaramar jama'a. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna yake ɗauke da sunansa. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Yawancin wannan girbi Mila bai gan shi da idonsa ba.

Abin da Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti ke nan a karatunmu na yau: ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu. Watakila kana koyar da makarantar Lahadi, yara biyar kaɗai suke zuwa. Watakila kana riƙon maraya, ba wanda ya ce maka sannu. Kana ji kamar ka bari. Kada ka auna aikinka da yawan kawuna. Wane yaro ne Allah ya ajiye kusa da kai? Ka san sunansa? Ka san ko ya ci abinci yau? Fara daga nan.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni haƙurin manomi. Ka buɗe idona in ga wanda ka sa a hannuna, in riƙe shi da ƙauna, ko da ba ni ne zan ga girbin ba. Cikin sunan Yesu, Amin.