WILLIAM MOMPESSON, FASTON DA YA RUFE GARINSA

A shekara ta 2020, sa'anda aka ce a sa takunkumi a rage taro saboda korona, waɗansu masu bi a ƙasar Zuru suka ce wannan rashin bangaskiya ne. Bari mu duba rayuwar wani bawan Allah da ya fuskanci wannan magana tun tuni.

An haifi William Mompesson a Ingila a 1639. A 1664 aka sa shi fasto a Eyam, wani ƙauye a lardin Derbyshire. Ya zo da matatasa Catherine da 'ya'yansu ƙanana biyu.

A 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan. Cuta ce wadda ƙumar ɓera ke ɗauka, in ta kama huhu kuma tari yakan yaɗa ta. Aka aiko da ƙunshin yadi daga Landan zuwa gidan telan Eyam. George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, ya mutu a watan Satumba. Daga nan cutar ta shiga gida gida. Ta lafa da sanyi, amma da zafi ya dawo a 1666 ta tashi da ƙarfi, mutane suka yi shirin gudu.

Mompesson ya ga cewa idan suka watse, za su kai mutuwa Sheffield da sauran garuruwa. Ya nemi Thomas Stanley, tsohon faston garin wanda aka tuɓe saboda saɓanin koyarwa, wanda jama'a da yawa su ke jin maganarsa har yanzu. Su biyu suka ajiye bambancinsu, suka roƙi mutane su zauna. A watan Yuni garin ya yarda da abu uku. Ba mai fita, ba mai shiga. Kowane gida ya binne matattunsa. Za a rufe majami'a, a yi sujada a fili cikin wani kwari, iyali nesa da iyali.

Hakimin Devonshire da ƙauyukan kewaye suka riƙa ajiye abinci a bakin iyaka. Mutanen Eyam su kan bar kuɗin cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan tsami, domin su tsabtace shi.

Abin ya yi tsada ƙwarai. Wata mace, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8. Faston ya rigaya ya aika da 'ya'yansa wani wuri, amma Catherine ta ƙi barinsa, tana taimakonsa wajen duba marasa lafiya. A watan Agusta ita ma ta kamu, ta rasu. Kafin cutar ta ƙare a Nuwamba 1666, mutum wajen 260 sun mutu, amma ba ta mamaye garuruwan kewaye ba. Daga baya Mompesson ya koma Eakring, ya yi hidima har mutuwarsa a 1709.

'Yan'uwa, mutumin nan ba matsoraci ba ne, gama mai tsoro gudu ya ke yi. Abin da ya yi yana da tushe cikin Littafi Mai Tsarki. A Littafin Firistoci sura 13, Ubangiji ya umarci firist ya keɓe wanda ake shakkar ciwonsa kwana 7, ya sāke dubawa. Aya 45 da 46 sun nuna mai cutar zai rufe leɓensa na bisa, ya zauna bayan zango. A Matiyu sura 4 kuma, Yesu ya ƙi ya diro daga kan Haikali don ya gwada Allah. Mompesson ya rufe ƙofar majami'a, amma sujada ba ta tsaya ba, ziyarar marasa lafiya kuma ba ta tsaya ba.

Annoba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun sha agana, a 1996 kuma sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Idan wata ta sāke zuwa Zuru, ko Dabai, ko Ribah, bari mai tari ya rufe bakinsa, mai ciwo ya je asibiti kada ya shiga kasuwa. Ekklesiya kuma ta kai wa keɓaɓɓu tuwo da ruwa da addu'a, kada wani ya kwana da yunwa domin ya kiyaye maƙwabcinsa. Ubangiji ya ba mu irin wannan ƙauna. Amin.